Isnadin Na'ura: Sauraron Waya Don Gano Inda Labari Ya Karye a Ƙasar Ruma

Duk wanda ya san yammacin Katsina ya san cewa ƙasar Batsari, wadda ke ƙarƙashin Sarkin Ruma, da maƙwabciyarta Safana ta Yariman Katsina, sun jingina bayansu ne da dajin Rugu, kuma kamar yadda kakanni suka sha fama da harin mayaƙan Maraɗi a ƙarni na 19, haka jikoki suka wayi gari a wannan zamani suna fama da 'yan bindigar da suka mai da dajin mafaka, har ta kai mutum ba ya ɗaukar hanyar Wagini ko ta Runka sai ya tambayi labarinta tukuna. A cikin wannan hali ne na'urorin zamani suka shigo ƙasar suka zauna: famfon sola da ke ɗago ruwa daga rijiyar burtsatse, da firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani, wanda wajibi ne sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da digiri 8, da ƙarafan sabis tare da baturansu da janaretocinsu. Kowace daga cikinsu tana bukatar idon gwani, alhali kuwa galibin gwanayen suna Katsina ko Kano, kuma kowace tafiya da ɗayansu zai yi domin ya ɗaure waya guda da ta kwance, kasada ce ta sayar da rai.

Dabarar da masu fasaha suka fito da ita ga irin wannan mas'ala ita ce a sa wa na'ura ma'aunai, ɗaya ya auna zurfin ruwa a tanki, ɗaya ya auna zafi, ɗaya ya auna ƙarfin wutar da ke saukowa daga faifan sola, a jera su bisa igiyar waya guda, a kai ƙarshen igiyar cikin wani ɗan akwati mai layin waya, shi kuma ya riƙa aika labarinsu ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta, daga can labarin ya bayyana a wayar injiniya yana zaune a shagonsa. Fa'idar wannan a fili take, ba ta bukatar dogon bayani. Abin da ke bukatar bayani, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne abin da ke faruwa ranar da allo ya ce tanki cike yake, mutanen gari kuwa suka ce tun jiya ko ɗigo ba su gani ba. A ranar nan ne ake gane wanda ya san aikinsa da wanda ya iya karanta allo kawai.

Lambar da ke fitowa a allo labari ce, labari kuwa, kamar yadda malaman usulu suka bayyana, yana ɗaukar gaskiya yana ɗaukar ƙarya, sai an bincika hanyar da ya biyo. Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan ilmi, domin malaman hadisi, tun kafin Ibnus Salahi ya tattara ƙa'idojinsu a ƙarni na bakwai bayan Hijira, ba su kasance suna karɓar matani ba sai sun bi isnadinsa maruwaici bayan maruwaici, suna tambaya ko wane ya ji daga wane, ko kuwa akwai wanda ya faɗi a tsakani, ko wani ya ɓoye wanda ya gaya masa. An san ma cewa Imamu Buhari ya tsananta har ya so a tabbatar da haɗuwar almajiri da malaminsa, alhali Imamu Muslimu ya wadatu da zamansu a zamani ɗaya tare da yiwuwar haɗuwa. Ba ina kwatanta darajar wancan ilmi mai albarka da ilmin waya da batir ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar tahaƙiƙi ce nake nunawa, domin ita ɗin dai ce injiniya ke bukata. Ma'auni ya ruwaito wa igiya, igiya ta ruwaito wa akwati, akwati ya ruwaito wa ƙarfen sabis, shi kuma ga babbar kwamfuta, ita kuma ga allo, kuma a kowace gaɓa labari na iya yankewa, ko ya jirkice, ko, mafi muni, ya tsufa a ci gaba da nuna shi kamar sabo.

Harshen da mafi yawan waɗannan na'urori ke magana da shi, daga inbatar sola zuwa mitar wuta, shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon na Amurka ya ƙago a 1979, kuma igiyar da ya fi bi ita ce wadda ake kira RS-485, wayoyi biyu murɗaɗɗu da za su iya kai magana kimanin mita 1,200, su ɗauki na'urori 32 bisa ƙa'idar asali. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai: akwai mai tambaya guda ɗaya, akwai masu amsa, kowanne da lambarsa daga 1 zuwa 247, kuma babu mai amsar da ke da iznin buɗe baki sai an kira lambarsa, tamkar makarantar allo inda malam ke kiran almajirai ɗaya bayan ɗaya su biya, saura su yi shiru. Tambayar da ake yi kullum gajera ce, harafin kwamfuta takwas kacal: na farko lambar wanda ake kira, na biyu irin bukatar, misali 03 wato karanto mini abin da ke ajiye, biyu su nuna daga wane gurbi za a fara, biyu su nuna gurbi nawa ake so, biyun ƙarshe kuwa hatimi ne na lissafi wanda mai karɓa zai sake lissafawa, in bai dace ba ya yar da saƙon ya yi gum. Wannan yin gum ɗin shi ne tushen rabin wahalar sana'ar, domin na'urar da ta ji magana a gurɓace da na'urar da ta ƙone ƙurmus, daga nesa duk shirunsu ɗaya ne.

Bari mu ɗauki misali irin wanda duk mai wannan aiki zai gane. Ga rijiya a wani ƙauye na gefen daji, ga dattijon da aka ba amanar kula da ita ya hau tudu don ya sami sabis, ya bugo waya yana cewa: "Injiniya, ruwa fa ya tsaya, mata har sun koma rafi." Injiniya ya duba allo ya ce: "Baba, a nan yana nuna mini tanki cike yake." Dattijo ya ce: "Yaro, ni da na ƙwanƙwasa tankin da hannuna, ai ba allo zai gaya mini ba." Mai gaggawa a nan zai yanke hukunci ɗaya daga cikin biyu, ko ya ce sabis ne, kamar yadda muka saba ɗora wa sabis laifin komai, ko ya ce famfo ya ƙone a kawo kuɗin sabo. Mai haƙuri kuwa zai buɗe kwamfutarsa ya zauna a bakin ƙofar babbar kwamfutar nan yana sauraron duk abin da ke shiga da fita, ba tare da ya sa baki ba, ya rubuta kowane ƙunshin saƙo da lokacinsa, kana ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aikin wannan sauraro kyauta ne ga kowa, kuma wannan na daga cikin alheran da ba a cika ambata ba. Akwai tcpdump, wanda Van Jacobson da abokan aikinsa suka rubuta a 1988 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, akwai kuma Wireshark, wanda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal kafin a sauya masa suna a 2006. Injiniya zai umarci ɗayansu da ya tace masa zancen da ke bi ta ƙofa mai lamba 502, wadda ita ce ƙofar Modbus a intanet, sai layuka su fara zubowa. Abu na farko da zai nema shi ne gaisuwa, domin kwamfutoci biyu ba sa fara zance sai sun yi sallama mai gaɓa uku, wannan ya nema, wancan ya karɓa, wannan ya tabbatar. In ya ga neman yana ta maimaituwa ba amsa, kuma tazarar da ke tsakanin kowane nema da na bayansa tana ninkuwa, to illar tana hanya, ko sabis ko batirin akwati ko kuɗin data, kuma babu dalilin taɓa famfo. In kuwa ya ga an gaisa lafiya, tambaya ta tafi, amsa ta dawo, sai ya buɗe amsar ya duba cikinta. A wurin da ya kamata ya ga 03, sai ya ga 83 bisa lissafin kwamfuta, wanda alama ce ta uzuri, a bayansa kuma lamba 11, ma'anarta akwatin yana cewa: na isar da tambayarka ga ma'auni amma bai amsa mini ba. To, a nan isnadi ya yanke, kuma an san gaɓar da ya yanke, wato 'yan mitocin wayar da ke tsakanin akwati da saman tanki. Allon kuwa, saboda wanda ya tsara shi bai tanadi abin da zai nuna in amsa ba ta zo ba, sai ya riƙe lambar ƙarshe da ya ji kwana biyu da suka wuce, famfon kuma, da yake an umarce shi ya tsaya in tanki ya cika, ya yi biyayya ga tsohon labari ya tsaya. Sai injiniya ya ce: "Baba, a sami yaro ya hau ya duba ƙaramar wayar nan mai launi biyu da ta shiga murfin tanki." Ƙila a tarar ɓera ya ci ta, ko rana ta busar da robarta ta tsage, ko sukurun da ya danne ta ya yi tsatsa. Aikin da zai ci tafiya mai haɗari da kuɗin famfo, sai ya ƙare da sukuddireba.

Ba kowace illa ce ke bayyana da sauƙi haka ba, kuma mafi wuyarsu ita ce mai zuwa ta tafi. Akan tarar an sa wa ma'aunai biyu lamba ɗaya, domin masana'anta kan fitar da su duka da lamba 1, sai a kira ɗaya su amsa tare, muryoyinsu su cakuɗe, hatimi ya ƙi dacewa. Akan tarar an manta da ɗan rezisto mai om 120 da ake sawa a ƙarshen igiya don ya shanye amsa-kuwwar wuta, sai magana ta riƙa tafiya daidai da safe ta rikice da rana, lokacin da inbata ta ɗauki ƙarfi ta cika wayoyin kusa da ƙara. Akan tarar littafin na'ura ya ce abu kaza yana gurbi na 40001, alhali a kan waya gurbin sifiri ne, sai mai tsarawa ya kauce da ɗaya ya riƙa karanta zafin inbata yana zaton ƙarfin batir ne. Irin waɗannan ba a kama su daga Katsina; sai an sami wanda zai rataya ƙaramar na'urar sauraro a kan wayoyin nan biyu da kansu ta kwana tana rubutawa, domin wanda ya saurari bakin babbar kwamfuta kaɗai ya ji ne daga maruwaicin ƙarshe, bai ji daga na farko ba.

Akwai wani ɗan ma'aunin zafi mai araha da ake kira DS18B20, wanda ke magana ta waya ɗaya tal, kowane ƙwaya da lambarsa ta haihuwa da babu mai irinta, kuma ɗalibai da masu ƙananan ayyuka suna yawan amfani da shi. Wannan ma'auni yana da ɗabi'ar da ya kamata kowa ya haddace: duk lokacin da wutarsa ta ɗauke ta dawo, kafin ya yi awo na farko, abin da ke ajiye a cikinsa digiri 85 ne. Awon kansa yana iya ɗaukar kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, amma in mai tambaya ya yi gaggawa, ko wutar ta yi rauni, sai a dawo masa da 85 cikin saƙo mai hatimi sahihi, ba gurɓata ko kaɗan. Wanda bai san wannan ba, in ya ga 85 a firjin rigakafi, zai iya hukunta zubar da allurar da lafiyarta lau. Wanda kuma ya saba ganinta har ya daina kula, wata rana zafi na gaske zai zo ya wuce shi. Isnadin a nan ingantacce ne, matanin ne ke da illa, kuma ba a gane irin wannan sai da sanin halin maruwaici, abin da malamanmu suka keɓe wa fanni guda sukutum.

Kada mai karatu ya zaci wannan larura ce ta ƙauye ko ta ƙarancin kuɗi. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe fiye da awa biyu ruwan sanyaya tukunya yana tsiyaya, alhali fitilar da ke gaban ma'aikata tana ba su fahimtar cewa a rufe yake, saboda an haɗa fitilar ne da umarnin rufewa, ba da bawul ɗin kansa ba; ta shaida cewa an aika saƙo, su kuwa suka ɗauka ta shaida cewa an aikata. A ranar 14 ga Agusta 2003 kuma, manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula da wutar lantarki a jihar Ohayo ta daskare ba tare da ta sanar da kowa ba, ma'aikata suka zauna fiye da awa guda ba su ji gargaɗi ba alhali manyan layuka suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har duhu ya rufe kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada. Illar da ta tsayar da famfon misalinmu, ita ce dai ta kashe wutar Niyok.

Ƙasar Ruma ta riga ta ga gwaji mafi tsanani da irin wannan tsari zai iya fuskanta. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa na ciki, da nufin toshe hanyar da 'yan bindiga ke samun labari, kuma ba a fara maido ta ba sai a ƙarshen shekarar. Duk na'urar da aka tsara bisa zaton cewa sabis ba zai taɓa ɗaukewa na makonni ba, a irin wannan lokaci kurma ce kuma bebiya. Darasin da nake ganin wajibi ne mai tsara aiki don wannan yanki ya ɗauka shi ne cewa hukuncin kunna famfo da kashe shi ya zauna a bakin rijiya, kada a rataya shi ga kwamfutar da ke wata ƙasa; akwatin ya iya ajiye awonsa a cikinsa tare da sa'ar kowane awo har ranar da hanya za ta buɗe; allon kuma ya riƙa rubuta shekarun labarinsa, ya ce wannan na minti biyar ne, wannan na kwana uku ne, ya sauya launi in ya tsufa. Akwai wata hanyar aike da ake kira MQTT, wadda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara a 1999 domin bututun mai da ke nesa da gari, wadda a cikinta na'ura kan bar wasiyya tun ranar da ta haɗu da babbar kwamfuta, cewa in ka daina jin motsina na tsawon kaza, ka sanar da kowa cewa na yanke. Wannan tanadi ya dace da mu ƙwarai, tun da layukan waya kan saki zancen da ya daɗe shiru ba tare da sun gaya wa kowane ɓangare ba, sai babbar kwamfuta ta zauna tana zaton abokin zancenta yana nan.

Akwai wani ɓangare na amana da ba zan tsallake ba. Kayan da ke sauraron zancen famfo su ne ke iya sauraron zancen mutane in an ɗora su inda bai kamata ba, kuma Suratul Hujurati, wadda ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ita ce kuma ta hane mu tajassusi. A ƙasar da zargin kai wa ɓarayi rahoto ya raba maƙwabta ya kuma ci rayuka, injiniya ba shi da hurumin sauraron komai face zancen na'urorin da aka damƙa masa, da sanin masu su. Haka nan ya sani cewa Modbus na asali ba shi da kalmar sirri, ba ya ɓoye zancensa, duk wanda ya isa ƙofar 502 zai iya karantawa ya kuma ba da umarni. Barin wannan ƙofa a buɗe ga duniya sakaci ne da dukiyar jama'a, kuma shi ma sauraron wayar ne zai tona shi, ranar da injiniya ya ga tambayoyi suna shigowa daga adireshin da bai sani ba.

Abin da ya fi damuna a ƙarshe bai shafi waya ba, ya shafi kwangila. Sau da yawa akan kafa aiki a yi bikin buɗewa, ɗan kwangila ya tafi da takardar da ke nuna wane gurbi ke ɗauke da wane awo, da kalmar sirrin akwati, da sanin wanda ke biyan kuɗin layin da ke cikinsa, sai bayan shekara layin ya mutu don ba a sabunta shi ba, a ce ai aikin ya lalace. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar gari da za ta karɓi irin wannan aiki tana da haƙƙin ta ƙi sa hannu sai an miƙa mata waɗannan abubuwa uku a rubuce, tare da kwafin zancen na'urorin na yini guda lokacin da suke lafiya, domin ba a gane zance mai illa sai an san yadda mai lafiya yake. Kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a maƙwabtakar Safana, ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, dukkansu suna da 'ya'yan Batsari da Ruma da Runka a azuzuwansu. Tsohuwar kwamfutar hannu, da ma'aunai biyu, da ɗan abin haɗa RS-485 da kwamfuta, da gutsuren waya da malami zai riƙa tsinkawa da gangan yana cewa a nemo masa inda ya tsinka, sun isa a koyar da wannan fanni cikin zango guda, ga yaran da in sun gama gida za su koma, kusa da rijiyoyin.